Kwabo Marar Huji

Shekarar da aka canza kuɗi, aka kashe fam da sule aka kawo naira da kwabo, akwai wani makiyayi a rugar da ke yamma da Bauranya, ana ce mashi Bube. Ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba ne. Mutum ne da ya tashi cikin shanu, ya san su ciki da baya, har ya ɗauka duk wata halitta mai jini a jika tafiyarta ɗaya da ta dabba. Su huɗu ne a gidan: shi, da matarsa Haulatu mai kai nono kasuwar Kusada, da uwarsa Iyatu, da ɗiyarsu Kulu, wadda ba a daɗe da yaye ta ba.

Kulu ɗiyar fari ce, kowa kuwa ya san abin da wannan ke nufi a ruga. Bube ba ya faɗin sunanta, Haulatu ba ta faɗi. Ko faɗuwa yarinyar ta yi a gabansu, sai su kau da kai har kaka ta zo ta ɗauke ta. Haka suka taras, haka kuma ake gane mai kunya. Saboda haka Kulu ta Iyatu ce. A bayanta take yini, a ƙoƙonta take shan fura, ita ke zaginta ita ke yi mata rawa.

Yarinyar tana da cibiya mai fitowa. In ta yi kuka sai ta kumbura kamar ɗan kanya. Iyatu na da maganin wannan tun tana amarya: wani tsohon kwabo mai huji a tsakiya, faffaɗa, ya sha hannu har rubutun jikinsa ya shafe. Ta kan zura zare ta hujin, ta ƙulla, ta ɗora kwabon bisa cibiya, ta zagaya zaren a ƙugu. Da shi ta danne cibiyar Bube, da ta ƙannensa, da ta 'ya'yan maƙwabta. Yaro ya yi ta ja, ya yi ta birgima, kwabo na nan, don zare ya bi ta cikinsa.

Da mai shela ya zagaya kasuwa ya ce tsohon kuɗi zai mutu, kowa ya kai nasa a canza mashi, sai Bube ya tattara duk wani ƙarfe mai kama da kuɗi da ke gidan. Ranar an kwance wa Kulu zaren za a yi mata wanka, kwabon na cikin 'yar jakar fatar da Iyatu ke ajiye shi. Ya juye har da shi, ya tafi Kankiya.

Da ya dawo ya zube sababbin a kan tabarma. Jajaye ne, suna ƙyalli. Iyatu ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ɗaga shi sama ta nemi haske ta cikinsa, ba ta gani ba.

"Kai wannan," ta ce, don ita ma ba ta faɗin sunansa, "ina hujin?"

"Haka suka zo, Inna. Na yanzu ba a huda su."

"To ina nawa?"

Ya kau da kai. Ta gane.

Ba ta yi faɗa ba. Jakar fatar ta ɗauko ta juya cikinta waje. Tsohon kwabon ya daɗe a ciki har ya bar shatinsa, zagaye baƙi. Ta ɗora sabon a tsakiyar shatin. Ko ta wane gefe ka duba akwai saura, kamar faɗin ƙwayar gero ko fiye. Ta kama gefensa da farce ta ji kaurinsa, ta girgiza kai.

"Sun rage mashi faɗi, sun toshe mashi ido. Wancan ko ɗan shekara uku bai iya tura shi baki. Wannan kuwa na shiga. Ka kai wa maƙeri ya huda mini."

Ran kasuwa Bube ya kai wa Ɗanmaliki, maƙerin Kusada, abokin wasansa. Ɗanmaliki ya karɓa ya juya, ya nuna mashi wasu dogayen ƙarafa biyu da aka zana a bayan kwabon.

"Ka san mi ne ne wannan, Agwai? Da su ake jawo mai daga ƙarƙashin ƙasa, can kudu. Arziki ya zo, kai kana daji kana bin wutsiyar saniya."

"Ni huji na zo ka yi mini, Kaɗo, ba karatu ba."

"Huji? A sabon kuɗin gwamnati? Zaman daji ya ishe ka ne kake neman abokin hira a gidan yari?"

"Ɗan ƙarami. Wa zai gani?"

"Wa zai gani! Ka ga mutanen can da ke zaune a gindin bedi? Aikinsu ke nan, gani. An ce wanda duk ya ɓata sabon kuɗi ɗauri ne. Ni ban ga wanda aka ɗaure ba, ba ni kuma so a fara da ni. Ka bari ya tsufa, in huda maka goma."

Aka yi dariya, Bube ya mai da kwabonsa aljihu. Iyatu ta yage bakin wani tsohon zane, ta naɗe kwabon ciki, ta ɗaura wa Kulu. Kullum da safe tana duba ƙullin, tana cewa, "Ke tsohuwar banza, in kika taɓa wannan sai na sayar da ke na sayi gishiri." Kulu ta yi dariya ta kama mata hanci.

Bazara ce mai tsanani. Damina ta bara ba ta yi kirki ba, tafkuna sun ƙafe tun da wuri, shanu sai rijiya. Bube da maƙwabcinsa Jaji tun asuba suke bakin rijiyar fadama suna jan guga, ba su dawowa sai rana ta take. Wata safiya Iyatu na kaɗa nono, Haulatu na wanke ƙore, sai suka ji tari a bayan bukka, irin tarin da ba na mura ba. Iyatu ta zagaya. Kulu na zaune a ƙasa, idanu sun yi ja, hawaye na zuba, tsumman na hannunta a warware. Ba kwabo.

Tsohuwa ta sa yatsa a bakin yarinyar, ba ta ji kome ba. Ta kife ta bisa cinya ta bubbuga bayanta. Ta share wurin da tafin hannu, ta tankaɗe ƙasar da faifai. Haulatu na tsaye daga nesa da ƙwarya a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafarta, ba ta matso ba.

Numfashi dai yana fita, kuka ma yana fita. Amma yawu ya ƙi wucewa, sai dalala yake har ƙirji. Aka ba ta fura, ta kurɓa, ta dawo da ita ta baki da hanci. Madara ce kaɗai ke ɗan wucewa, ita ma in an ɗiga kaɗan-kaɗan.

Da Bube ya dawo Iyatu ta tare shi tun bai aje guga ba.

"Ta haɗiye. Yana nan a wuya. A kai ta Kankiya."

Ya dubi shanun da ke bayansa, haƙarƙarinsu duk a waje. In ya tafi, wa zai ja masu ruwa? Jaji shi kaɗai bai iya wa garke biyu. Kuma mutum ya ɗauki ɗiyarsa ta fari ya shiga gari da ita a guje, mutane na kallo? Bai faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Cewa ya yi:

"Bari in auna tukuna, Inna."

To, a nan ne fa. Bube bai taɓa yin aiki da ka ba. In saniya za ta haihu, da hannunsa yake auna ƙugunta ya san ko maraƙi zai fita. In za a sa wa sa igiya a hanci, sai ya gwada kaurinta. Ya ɗauko wani kwabo cikin 'yan'uwan wanda aka haɗiye, ya tsinko tsinke daga jinkar bukka, ya ɗora a kan kwabon daga baki zuwa baki, ya karya daidai. Ya sake ɗaukar wani tsinken ya yi shaida da farce daidai kaurinsa. Sannan ya ce wa uwarsa ta riƙe yarinyar, ya gitta tsinken a wuyanta, yana kallon gefe kamar ba tasa ba.

"Kin gani? Wuyan ya ninka shi. Kaurin kuwa bai kai farcena biyu ba. Hanya na nan, tsayawa ya yi ya huta."

"Wuya daban, maƙoshi daban," in ji Iyatu. "Kai da ke yanka ba ka san cikin wuya akwai ƙashi ba?"

Maganar ta shige shi. Ya tashi ya zagaya garken awaki, ya kamo wani ɗan akuya ja. Ya zagaya zare a wuyan Kulu, ya ƙulla shaida, ya zagaya a wuyan ɗan akuyan. Bai kai ba. Ya sake shi ya kamo wani, baƙi mai farin goshi. Wannan zaren ya haɗu daidai, ko gashi bai ragu ba.

"Ga wuyanta nan," ya ce. "In ya wuce a nan, zai wuce can."

Ya shafe kwabon da man shanu, ya buɗe bakin ɗan akuyan, ya tura can ciki, ya riƙe bakin ya shafa wuyan. Ɗan akuya ya yi kakari, ya miƙe wuya, ya haɗiye. Da aka sake shi ya girgiza kunne, ya yi atishawa, ya ruga wurin uwarsa ya kama nono.

Bube ya yi ajiyar zuciya. Har murmushi ya yi.

"Mai ne ba ta samu ba. A narka man shanu a riƙa ba ta. A ɗaure wannan kusa da bukka, mu ga ranar da zai fitar. Ranar da ya fitar, ita ma za ta fitar."

Iyatu ta dubi ɗan akuyan da ke tsotso yana kaɗa wutsiya. Ita ma a ruga aka haife ta. Abin da ido ya gani ya fi ƙarfin abin da zuciya ke raya mata, sai ta ɗora mai a wuta.

Haka aka shiga jira. Ana ɗiga wa Kulu mai, rabi ya wuce rabi ya dawo. In ta yi bayan gida, Iyatu ta tona da tsinke. Bube kuma kafin ya tafi rijiya sai ya durƙusa inda aka ɗaure ɗan akuya ya murmushe kashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ba kwabo nan, ba kwabo can. Sai dai ɗan akuya na ci, yana tsalle, yana tunkuyar turke. Kulu kuwa ta daina tafiya, ta koma zama, ta koma kwanciya. Bayan gidan ma ya ɗauke, don ba abin da ke shiga. Jikinta ya ɗauki zafi. Bakinta ya fara wani wari.

"Dubi ɗan'uwanta," Bube ke cewa in uwarsa ta yi magana. "Kwabo na cikinsa, ko gezau. Haƙuri za a yi."

Duk wannan Haulatu ba ta ce uffan ba. Ba ta da bakin cewa. Tana ɗaukar ƙwaryar nono ta tafi Kusada, ta zauna cikin mata, a tambaye ta mutan gida ta ce lafiya lau. Wata rana wata mai sayen nono ta ba ta sabon kwabo, ta riƙe shi a tafin hannu tana kallo har matar ta ce, "Ke Fillo, ko jabu ne na ba ki?" A hanyar dawowa ta ratse bayan wata kuka, ta ɗora kwabon a harshenta, ta tura shi baya da yatsa don ta ji. Ita babba, sai da ta durƙusa tana amai, idanunta kamar za su fito.

Kashegari da hantsi Bube bai riga ya tafi ba, igiyar guga ta tsinke yana ƙullawa. Iyatu ta fito da Kulu ta kwantar a inuwa. Gefen wuyan yarinyar ya kumbura, kanta ya karkace, kukan ma ya zama ɗan siririn sauti kamar na kyanwa. Haulatu ta aje ƙwaryar da ta ɗauka. Ta taka har gaban tabarmar, a gaban mijinta, a gaban uwar mijinta, ta durƙusa.

"Kulu," ta ce. "Kulu. Kulu, dube ni."

Jaji da ya zo kiran Bube ya tsaya cik, ya sunkuyar da kai. Ba a taɓa jin wannan suna a bakinta ba.

"Ke, kina cikin hankalinki?" in ji Bube a hankali.

"Ban sani ba, Malam. Akuya ta haifi wancan, ni na haifi wannan. Ka tsaya ka jira naka."

Ta ɗaga yarinyar. Goyon ya ƙi zama, don ba ta saba goya ta ba. Iyatu ta tashi ba tare da ta dubi ɗanta ba, ta gyara mata zaman yarinyar a baya, ta kwance majanyinta ta ɗaura mata, ta ja ƙulli sosai. Ta ɗauki gorar madara ta bi bayanta. Suka kama hanyar Kusada.

Bube ya daɗe tsaye da igiya a hannu. Can ya yar da ita, ya shiga bukka ya ɗauko wuƙa.

"Riƙe mini shi, Jaji."

Suka kayar da ɗan akuyan, ya yanka. Ya farke cikin, ya tsaga tumbi, ya sa hannu cikin ɗanyar ciyawa. Kwabon na nan kwance a ƙasa, ya yi baƙi. Bai tafi ko'ina ba, ba kuma zai tafi ba. Bube ya sha ganin ƙusa da tsumma a tumbin dabbar da ta yi shekaru tana kiwo lafiya. Ya sani. Bai dai tuna ba.

Sai ya bi wuyan ya zaro maƙoshin, ya zura babban yatsansa. Ya buɗe. Ya ƙara yatsa na biyu, ya buɗe, yana miƙewa kamar bakin jaka. Ya tsaya yana kallo.

"Jaji," ya ce, "wannan hanyar an yi ta ne abinci ya sauka ya hau, ya sauka ya hau. Dabba tuƙa take yi."

"Haka ne."

"Mutum ba ya tuƙa."

Jaji ya matso. Ya karɓi wuƙar daga hannunsa ya ce, "Tafi. Abin da na iya ja na ruwa zan ja."

Ya cim masu a tashar Kusada, jini bai bushe a hannun rigarsa ba. Wata a-kori-kura mai ɗaukar buhuna ta kai su Kankiya bayan azahar. A ɗakin shan magani suka sami Malam Dikko, dattijo mai furfura, wanda ya daɗe yana aikin. Ya haska bakin yarinyar da tocila, ya taɓa kumburin, Kulu ta zabura. Ya tambayi yaushe abin ya faru. Iyatu ta faɗa mashi. Ya ɗago ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Irin wane kuɗi ne?"

Bube ya miƙa mashi baƙin kwabon, da tsinken nan biyu da ya auna da su, waɗanda ke cikin hularsa tun ranar. Malam Dikko ya ɗora kwabon a kan rula ya duba, ya ɗora tsinken ya duba.

"Awonka daidai ne, Malam. Ko ni iyakar abin da zan samu ke nan." Ya jawo wata robar ƙarin ruwa daga aljihun tebur, ya nuna bakinta, ya kwatanta da ɗan yatsansa. "Maƙoshin yarinya kamar wannan bai fi ƙaramin yatsana ba sosai. Yana buɗewa, amma da iyaka. Abin ya shiga a tsaye, ya maƙale, gefensa na cin nama. Ruwa na bi ta gefe, shi ya sa ta kawo yanzu."

"A ciro shi, Malam," in ji Haulatu.

"Ba ni da abin cirowa, ɗiyata. In na sa ƙarfe a makance, ni zan ƙarasa ta. Sai Katsina, can ake ɗaukar hoton ciki. Zan yi mata allurar zazzaɓi, in fita da ku bakin titi in tsai da mota da kaina. Kada a ƙara ba ta mai. Kada a ba ta kome."

Haka ya yi. Ya tsaya tsakiyar titi da farar rigarsa har wata babbar mota mai ɗauke da siminti ta tsaya. Aka sa mata a gaba, Bube ya hau bisa buhuna.

A Katsina aka ɗauki hoton. Aka ɗaga shi a taga, Bube ya ga ƙasusuwan ɗiyarsa sirara kamar na tsuntsu, da wani farin zagaye a gindin wuya, ya cika wurin daga gefe zuwa gefe. Aka shiga da ita, aka rufe ƙofa. Su uku suka zauna a baranda. Da likita ya fito, ta bakin wata ma'aikaciya ya yi masu bayani. An ciro. Tana da rai. Amma wurin ya ruɓe, ya daɗe yana ci. In Allah ya sa ta tashi, ciwon zai warke da tabo, tabon kuma zai tsuke hanyar. Ko ta buɗe nan gaba ko ba ta buɗe ba, shi bai iya faɗi.

"Za ta ci abinci?" Iyatu ta tambaya.

"Abin sha dai, Inna. Madara, ruwan koko mai tsinkewa. Ko gudaji ɗaya kada ya shiga. In ta samu madara kullum, tana iya rayuwa. In ba ta samu ba, yunwa za ta yi abin da kwabon bai yi ba."

Sun daɗe a asibiti. Bube ya komo ruga ya sai da bijimi, ya koma, ya sake komowa. Da aka sallame su Kulu ta zama kamar tsinke, kai ya fi jiki, muryar ta dushe. Amma tana buɗe ido, tana bin Haulatu da kallo duk inda ta yi. Haulatu kuwa ba ta koma ga kunya ba. A gaban kowa take goya ta, a gaban kowa take kiran sunanta. Matan ruga suka yi ta magana, suka gaji suka bari.

Damina ta zo a bakin mutane, ba ta zo a ƙasa ba. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Hadari ya haɗu ya watse. Shanu suka fara kwanciya ba su tashi. Masu tatsa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saniya ɗaya tak a garken Bube mai ɗan abin da za a tatsa, wata fara mai karyayyen ƙaho, da maraƙarta. Abin da ke hantsarta bai isa biyu ba. In maraƙar ta sha, ƙoƙon Kulu bai rufe gindi. An gwada ruwan koko, amma geron ma sai an nemo, kuma shi kaɗai bai riƙe ta. Kwana kaɗan idanunta suka fara faɗawa.

Makiyayi ba ya hana maraƙi uwarsa. Rabi nasa, rabi na gida, haka ake yi ko ana yunwa, don maraƙin nan shi ne garken gobe. Wannan kuwa mace ce, ita kaɗai ta rage cikin haihuwar bana.

Da safe Bube ya kwance maraƙar daga dangwali, igiyar ɗaure maruƙa, ya kai ta gaban uwar. Ya bar ta ta kama nono ta tunkuɗa har madara ta sauko. Tana fara haɗiya ya janye ta. Ya ɗaure ta a ƙafar uwar ta gaba, inda saniyar za ta riƙa lasarta ta saki nono, ya durƙusa da kansa, aikin da ba na maza ba, ya tatse hantsar tas, har ya matsa bai ga ɗigo ba. Sannan ya ja maraƙar can bayan ƙaya ya ɗaure. Haka ya yi da yamma. Haka ya yi kashegari.

Jaji ya zo ya tsaya yana kallon maraƙar, wadda ƙafafunta suka fara rawa.

"Wannan ba ta kai sati, Bube. In kuma ta mutu, uwar na iya ɗauke nono."

"Na sani. Zan cusa ciyawa a fatarta in riƙa aje wa uwar a gaba."

"In ta gane fa?"

Bube ya juya. Ya ɗauki ƙoƙon da hannu biyu, yana tafiya a hankali kada ya zube, ya kai ƙofar bukka ya miƙa wa Haulatu. Ba ta dube shi ba, ta karɓa. Ta jingina Kulu a ƙirjinta, ta ɗebo a ɗan ludayi ta kai bakinta. Yarinyar ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta miƙe wuya, ta runtse ido. Iyatu ta daina tsinke zaren da ke hannunta. Can bayan ƙaya maraƙar na kuka, uwar na amsawa.

Madarar ta wuce. Haulatu ta sake ɗebo wani ludayin.